Yadda Ake Tara Tsofaffin Agogunan Nutso da Yadda Ake Ƙiyasta Kuɗinsu

Idan aka ajiye wa mutum agogo biyu a kan tebur, dukansu Rolex Submariner ƙirar shekarun 1960, ɗaya yana ƙyalli kamar yau aka ciro shi daga kwali, ɗayan kuwa fuskarsa ta koɗe ta koma ruwan ƙasa, zobensa ya dusashe, jikinsa duk ƙarce, mafi yawanmu kan mai ƙyallin hannu zai fara kaiwa. A wurin waɗanda suka daɗe a harkar tara agoguna kuwa, sau da yawa na biyun ne yake ninka na farkon kuɗi, domin ƙyallin na farkon shaida ce cewa an goge shi da inji, an sauya masa fuska ko hannaye, an raba shi da abubuwan da ya fito da su daga masana'anta. Abin da ake saye a tsohon agogo shi ne asali, wato kowane ɓangare ya kasance shi ne wanda aka ɗaura masa tun ranar farko, kuma ya tsufa tare da 'yan'uwansa. Duk wanda bai riƙe wannan ba, zai biya kuɗin tsohuwar zuma ya tafi gida da ruwan sukari.

Sanin abin da ake nema

Kafin a ciro ko kwabo, wajibi ne a san zuriyar waɗannan agoguna, domin shekara da lambar samfuri su ne ginshiƙin kowane ƙiyasi. A 1926 kamfanin Rolex na Hans Wilsdorf ya fito da Oyster, agogon da ake ɗaure murfin bayansa da maɓallin gefensa da murɗi kamar kusoshi masu zare, yadda ruwa da ƙura ba za su sami hanyar shiga ba. A watan Oktoba na 1927 wata 'yar Ingila mai iyo, Mercedes Gleitze, ta rataya shi a wuya ta shafe sama da sa'a goma cikin ruwan sanyin mashigin da ke tsakanin Ingila da Faransa, aka fito da shi yana aiki, kamfanin kuma ya yi talla da hakan a shafin farko na jarida. Omega ya bi da Marine a 1932, Panerai kuma ya riƙa samar wa masu nutso na sojan ruwan Italiya agogon Radiomir tun daga tsakiyar shekarun 1930, wanda Rolex ne yake ƙera masa jiki.

Siffar da muka sani yau ta agogon nutso, mai baƙar fuska da manyan alamomi masu haske da zobe mai juyawa, a 1953 ta bayyana. A shekarar ce Blancpain ya fito da Fifty Fathoms bisa buƙatar mayaƙan ƙarƙashin ruwa na Faransa. Sunan yana nufin gaba hamsin, irin gabar nan da masu haƙa rijiya suke auna zurfi da ita, wato kimanin mita 91. A shekarar dai Rolex ya ƙera Submariner, ya nuna shi a bikin baje kolin Basel na 1954, da alkawarin jure zurfin mita 100. Omega ya fito da Seamaster 300 a 1957, Seiko na Japan ya shigo da nasa na farko mai mita 150 a 1965, sannan a 1967 Doxa ya kawo SUB 300 mai fuska ruwan lemo, Rolex kuma ya kawo Sea-Dweller mai ƙaramar kafa a gefe da take fitar da iskar hiliyam ga masu aikin nutso da suke kwana da kwanaki a ɗakin matsin iska. Daga baya aka sami na alfarma zalla irin Nautilus na Patek Philippe na 1976, wanda yake jure mita 120 amma ba don aikin nutso aka yi shi ba.

Zoben nan mai lambobi ba ado ba ne. Mai nutso yakan juya shi ya daidaita alamarsa da dogon hannu lokacin da zai shiga ruwa, sai ya riƙa karanta mintocin da ya yi a ƙasa. Sanin aikin kowane ɓangare yana taimaka wa mai saye ya gane abin da ya dace da zamanin agogon da abin da aka cusa masa daga baya.

Da wanne za a fara

Shawarata ga sabon shiga ita ce ya zaɓi gida ɗaya, in ma zai yiwu samfuri ɗaya, ya yi ta kallon hotunansa da karanta bayaninsa har idonsa ya saba da shi kamar yadda mai kiwo yake gane tunkiyarsa cikin garke. Wanda ya ce zai san Rolex da Omega da Blancpain da Doxa a lokaci guda, dillalai ne za su ci kasuwa a kansa. Mafi sauƙin makaranta ita ce tsofaffin Seiko, irin 6105 na ƙarshen shekarun 1960 da 6309 da aka riƙa yi daga 1976 zuwa 1988, domin kuskure a kansu ba ya karya mutum, kuma duk dabarun algus da ake yi wa manya ana yi musu su ma. Lambar da ke bayan Seiko tana faɗin lokacin ƙira: lambar farko ita ce ƙarshen shekara, ta biyu kuma wata, sai mutum ya haɗa da sanin samfurin ya gano cikin waɗanne shekaru goma take. Da yawa cikinmu mun tashi mun ga Seiko da Rado da Orient a hannun iyaye da kakanni, wasu tsarabar aikin Hajji ce, don haka ba laifi a fara da buɗe tsohuwar akwatin gida kafin a nufi kasuwa.

Mataki na gaba shi ne Tudor, ƙanen Rolex, wanda ya fara nasa Submariner a 1954, kuma sojan ruwan Faransa suka daɗe suna amfani da shi. A nan akwai abin da yake rikita baƙo: tsohon Tudor yakan zo da tambarin Rolex a maɓalli da kuma rubutun Rolex a murfin baya, saboda Rolex ne yake ƙera jikin, injin kuma a saye shi daga wasu masana'antun Suwizalan. Wannan ba jabu ba ne, haka aka yi shi. Sai kuma agogunan da ake kira Super Compressor, masu maɓalli biyu da zobe a cikin gilashi, waɗanda masana'antar Ervin Piquerez ta ƙera wa kamfanoni da dama jikinsu. A ganina su ne suka fi dacewa da mai son tarihi wanda aljihunsa bai kai na manyan sunaye ba.

Duba agogo a hannu

Gani ya kori ji, kuma hoton waya ba ya isa a yanke hukunci. A tanadi madubin ƙara girma irin na masu gyaran agogo mai ninki goma, da ƙaramar tocila mai hasken shuɗi irin wadda ake duba takardar kuɗi da ita, sannan a nemi wuri mai hasken rana, ba hasken kanti da yake ɓoye aibi ba.

Da fuska ake farawa, domin ita ce take ɗauke da kaso mafi tsoka na darajar tsohon agogo. A ɗauki Submariner mai lamba 5513 a misali, wanda aka yi ta ƙerawa daga 1962 zuwa 1989. Na farko-farko suna da baƙar fuska mai sheƙi da rubutu ruwan zinare, wajen 1967 aka koma fuska marar sheƙi da farin rubutu, a tsakiyar shekarun 1980 kuma aka dawo da mai sheƙi amma da ƙarfe zagaye da kowace alama. A kan na farkon an fara rubuta zurfi da mita, 200m kafin 660ft, daga baya aka juya aka fara da ƙafa. Waɗannan ƙananan bambance-bambance, da baƙo zai ga kamar ba su da wata ma'ana, su ne suke raba farashi nesa da juna, kuma su ne suke tona asirin haɗe-haɗe, domin idan lambar jiki ta nuna 1965 amma fuska irin ta 1985 ce, an sauya ta. Haka 1680, mai kwanan wata, wanda na farkonsa aka rubuta kalmar Submariner da ja; wannan layi ɗaya na jan fenti yana ƙara kuɗi ƙwarai, shi ya sa ma ake yawan ƙirƙirarsa. A sa madubi a kan rubutun: na asali yana da kaifi da daidaito, na hannun mai sake fenti kuwa yakan yi kauri, haruffa su ɗan karkace, layukan minti su ƙi haɗuwa daidai da alamomin sa'a. Fuskar da aka sake wa fenti, komai kyanta, ta zubar da mafi yawan darajarta.

Akwai tsufan da masu tarawa suke biya da tsada, kamar baƙar fuskar da rana da zafi suka mayar ruwan ƙasa bai ɗaya ko'ina, akwai kuma lalacewa, kamar tabon ruwa, kumburin fenti da tsatsa a gefe. Dillali zai so ya sayar maka da na biyu da sunan na farko. Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce ko launin ya sauya a hankali a duk faɗin fuskar, ko kuwa ya taru ne a gefen maɓalli, inda ruwa yake fara shiga.

Daga nan sai sinadarin da yake haske a duhu, kuma a nan ya kamata a ɗan tsaya. Har zuwa farkon shekarun 1960 da radiyom ake haɗa shi, daga nan aka koma tiritiyom, duka biyun masu fitar da tururin nukiliya ne, a ƙarshen shekarun 1990 kuma aka koma sinadarin da ba ya fitar da tururin nukiliya. Ƙasan fuska, a ƙarƙashin alamar ƙarfe shida, yakan nuna wanne ne: harafin T a gefen kalmar SWISS, ko T<25, alamar tiritiyom ce. Ƙarfin tiritiyom yana raguwa da rabi duk bayan shekara 12 da 'yan watanni, saboda haka agogon 1970 ba shi da sauran hasken da zai kwana yana yi. Idan ka haska masa tocilar nan, na asali zai ɗan amsa ya mutu nan take ko cikin 'yan daƙiƙu. Idan kuwa ya kama kore shar ya ci gaba da haske bayan ka kashe tocila, to sabon sinadari aka shafa ko sabuwar fuska aka saka. A kwatanta launin da ke kan hannaye da na kan fuska. Ba lalle su zama iri ɗaya sak ba, amma idan fuska ta koma launin madarar da ta kwana, hannaye kuwa fari fat, ba tare suka tsufa ba.

Radiyom yana buƙatar kashedi na daban. Ƙarfinsa yakan ɗauki kimanin shekara 1,600 kafin ya ragu da rabi, don haka ko da ya daina haske, domin fentin da yake haskawa ne ya ƙone, shi yana nan da ransa, yana kuma fitar da iskar radon. Kada a buɗe irin wannan agogo a gida, kada a hura ƙurarsa, kada a tara da yawa a rufaffen akwati a ɗakin kwana, kuma kada a bar yara su yi wasa da wanda gilashinsa ya fashe. Masu sayen agogunan shekarun 1950 sukan riƙe ƙaramar na'urar auna tururin nukiliya, wadda take zama kariya kuma take zama shaida, tunda fuskar da aka ce ta 1955 ce amma na'ura ta yi shiru a kanta akwai magana.

Jikin agogo shi ne inda aka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Na taɓa tsayawa a teburin wani mai gyara ana miƙa wa wani dattijo tsohon agogonsa, mai gyaran yana murmushi yana cewa, "Alhaji, ai na sa an wanke maka shi a inji, dubi yadda ya dawo sabo." Dattijon ya yi godiya har da ƙarin kuɗi. Da na karɓa na juya shi, kunnuwa huɗun da suke riƙe sarƙa sun sirance, gefunansu da ya kamata su yi kaifi sun zama sumul kamar sabulun da aka daɗe ana wanka da shi, ramukan da ƙusar sarƙa take shiga kuma sun baje. Kowace gogewa ƙarfe take ci, kuma ƙarfen da ya tafi ba ya dawowa sai da walda. Saboda haka a dubi kunnuwan daga sama a ga ko kaurinsu ɗaya, a shafa gefe da yatsa a ji ko akwai kaifi, a dubi siririn layin da masana'anta take yankawa a gefen kunne ko yana nan. A lura kuma cewa yanzu akwai ƙwararrun da suke cike jiki da waldar leza su sake yanka shi, har ya fi na asali kyau. Jikin da ya yi shekara hamsin amma ba shi da ƙarce ko ɗaya, alhali fuska da sarƙa sun sha jiki, abin tambaya ne.

Lambobin tsohon Rolex suna ɓoye tsakanin kunnuwa, sai an cire sarƙa: lambar samfuri a wajen ƙarfe goma sha biyu, lambar agogon kansa a wajen ƙarfe shida. A cikin murfin baya na waɗanda aka yi kafin farkon shekarun 1970 akan sami hatimin rubu'in shekara da shekarar, kamar II.62, wato rubu'i na biyu na 1962. A Omega kuwa lambar agogo tana kan inji, lambar samfuri tana cikin murfi. Wajibi ne waɗannan su yi magana da murya ɗaya. Dillalin da ya ƙi yarda a cire sarƙa ko a buɗe baya a gaban ƙwararre, ka yi masa sallama cikin mutunci.

Zoben 5513 yana juyawa dama da hagu ba tare da ƙara ba. Mai juyawa gefe ɗaya da ƙas-ƙas na samfuran da suka zo daga baya ne. Farantin da ke kansa na alminiyom ne, yana koɗewa zuwa toka-toka ko shuɗi-shuɗi, ana kuma son hakan har wasu suna jiƙa sabo a sinadarin wanki don ya yi kama da tsoho. Gilashin wannan zamani na roba ne mai tudu, kuma sauya shi ba ya rage daraja sosai, kamar yadda sauya robar hana ruwa ba ta ragewa. A inji, a tabbatar lambarsa ta dace da samfurin, 1530 ko 1520 a 5513, 552 ko 565 a Seamaster 300 na shekarun 1960, sannan a nemi tsatsa da kusoshin da sukudireba ya ci wa kai. Sarƙa kuma a riƙe agogon a kwance a ga iya saukowar da take yi, domin sakinta shi ne ma'aunin wahalar da ta sha.

Takardu, labari da haɗe-haɗe

Kwali da takardar garanti ta asali suna ƙara kuɗi, amma ba su mayar da agogo marar kyau ya zama mai kyau, kuma ana sayar da tsofaffin kwalaye da takardun da ba a cike ba daban a kasuwa. Labari ma haka yake. Agogon da aka raba wa sojan ruwan Birtaniya, mai harafin T cikin da'ira da lambobin soja a baya, ko wanda aka yi wa kamfanin nutso na Faransa COMEX, ko Sea-Dweller mai tambarin wuƙar Oman da Sarki Qaboos ya sa aka yi don kyauta, duk suna ninka na gama-gari nesa ba kusa ba, shi ya sa su ne aka fi yi wa jabu. Labarin baki ba ya da farashi sai da hoto, wasiƙa ko rajistar da za a iya bincika.

Babbar matsalar wannan kasuwa ba jabun da ake sayarwa a bakin titi ba ne, wannan ko yaro zai gane. Matsalar ita ce agogon da kowane ɓangarensa na gaske ne amma daga jiki daban-daban aka tattaro su. Seamaster 300 ya yi suna a nan, domin an haɗa da yawa daga kayan gyara shekaru bayan an daina ƙera shi. Kada wani ya ɗauka ƙananan masu saye kaɗai ake yi wa haka. A Nuwamba 2021 gidan gwanjo na Phillips ya sayar da wani Omega Speedmaster na 1957 a kan sama da faran miliyan uku na Suwizalan, kamfanin Omega da kansa ne ya saya don gidan tarihinsa, sai a 2023 ta bayyana cewa haɗe-haɗe ne. Idan har hakan ta faru a wannan mataki, mai saye ta waya daga hannun wanda bai taɓa gani ba sai ya yi wa kansa faɗa. Rolex ba ya ba da takardar tarihin tsohon agogo daga kundinsa, Longines kuwa yana bayarwa, don haka a san abin da kowane kamfani yake yi kafin a gaskata takardar da aka nuna. A kuma bincika lambar agogon a rajistar kayan sata irin The Watch Register, a karɓi rasit mai ɗauke da lambar da sunan mai sayarwa, a rubuta sharaɗin mayarwa idan ƙwararre ya sami algus.

Lissafin kuɗi

Farashin da aka liƙa a intanet buri ne na mai kaya. Abin dogaro shi ne kuɗin da aka biya a zahiri, kuma gidajen gwanjo irin Phillips, Christie's, Sotheby's da Antiquorum suna barin sakamakon cinikinsu a fili tare da hotuna da bayani. A nemo aƙalla biyar da aka sayar cikin shekara ɗaya ko biyu da suka wuce, masu lambar samfuri ɗaya da irin fuska ɗaya, a jera su daga mafi kyau zuwa mafi rauni, sannan a nemi gurbin naka a tsakaninsu ba tare da son kai ba. A cire waɗanda sunan wani shahararre ya ɗaga, domin sunan aka saya. A kula da shekarar ciniki, domin farashin agogunan hannu na biyu ya yi tashin gwauron zabi har zuwa farkon 2022, daga nan ya sauko, wanda kuma ya kafa lissafinsa a kan wancan lokaci zai yi asara.

Adadin da gidan gwanjo yake bugawa ya haɗa da la'adar da mai saye yake biya, wadda takan kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin da aka buga guduma a kai. A ɗauka an buga guduma a dala 10,000: mai saye zai biya wajen 12,500, wannan ne kuma za ka gani a rubuce, amma mai kaya ba zai karɓi ko 10,000 ɗin cif ba, tunda shi ma akan cire masa tasa la'adar. Wanda ya ga 12,500 ya ɗauka abin da agogonsa zai kawo masa ke nan ya yaudari kansa. Daga adadin da ka tsayar, ka rage kuɗin gyaran da agogon yake buƙata, ka rage na duk wani ɓangare da aka sauya, fuska ce kan gaba, sai hannaye, sai zobe, sai sarƙa. Idan daga waje za a kawo shi, ka ƙara kuɗin aikawa da inshora da na kwastan, ka kuma tuna cewa da dala ko faran ake wannan kasuwa, don haka tashin farashi da kuɗin gida ba kullum yake nufin riba ba. Sayen nagari mayar da kuɗi gida ne, amma ni ban ɗauki tsohon agogo a matsayin asusun ajiya ba, domin ranar da buƙata ta taso da gaggawa, dillali ne zai yanka farashi, ba kai ba. Idan kuma aka yi maka tayin da ya faɗi ƙasa da na kasuwa nesa, ka tuna araha ba ta ado.

Ruwa, gyara da ajiya

Rubutun mita 200 da ke fuskar agogon 1968 alkawari ne da aka yi a 1968. Abin da yake hana ruwa shiga 'yan siraran zobban roba ne a murfin baya da cikin maɓalli, da kuma matsewar gilashi, robar kuwa tana bushewa ta tsage, musamman a ƙasa mai zafi. Gumi ma yana taruwa a ƙarƙashin murfi ya ci ƙarfen ya bar ƙananan ramuka, ta yadda ko an saka sabuwar roba ba za ta zauna daram ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kuma tsohon agogon nutso da ba a gwada ba a ɗauke shi a matsayin rariya. Ga wanda yake alwala sau biyar a yini wannan ba ƙaramar magana ba ce: a cire shi a sa a aljihu kafin a taɓa buta, a kuma tabbatar an murɗe maɓalli ya zauna bayan kowane saiti, a hankali ba da ƙarfi ba, domin zaren yana cinyewa.

Idan ana son sanin gaskiyar halinsa, a kai shi inda suke da na'urar gwajin matsi, a nemi gwajin iska wanda ba a tsoma agogo a ruwa. Ko ya ci gwajin, ni ba zan shiga kogi da fuskar da ba za a sami madadinta ba. Idan aka wayi gari aka ga hazo a cikin gilashi, kada a shanya shi a rana ko a binne shi a shinkafa; a kai wa mai gyara a ranar ya buɗe ya busar, domin tsatsa ba ta jira.

Wajen gyara, a rubuta sharuɗɗa a takarda kafin a miƙa agogo: a wanke inji a sa mai, a sauya robobi, amma kada a goge jiki, kada a taɓa fuska, hannaye ko zobe, kuma duk abin da aka cire a dawo da shi. Manyan cibiyoyin gyara na kamfanoni burinsu agogo ya fita yana aiki kamar sabo, saboda haka sukan sauya tsofaffin hannaye da fuska idan ba a yi magana ba, wannan kuma daidai ne ga mai son agogon sawa, asara ce ga mai tarawa. A ɗauki hoton kowane gefe kafin a bayar da kuma bayan an karɓa.

Wurin ajiya ya kasance busasshe, da 'yan ƙullin sinadarin nan mai shan laima da ake samu a kwalin takalmi, a riƙa sauya su musamman da damina. Lokacin hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba, don haka kada a bar maɓalli a buɗe. A nisanta agogo da lasifika da duk wani abu mai maganaɗisu, domin yana sa shi gudu. A riƙa murɗa masa maɓalli injin ya yi aiki sau ɗaya a wata ko makamancin haka. A buɗe wa kowane agogo shafi a littafi, a rubuta lambobinsa, ranar saye, kuɗin da aka biya, abin da aka sani an sauya da ranar gyara ta ƙarshe, a ajiye littafin da rasit a wani wuri daban da inda agogunan suke. Idan za a sa hotonsa a intanet, a rufe lambobin ƙarshe na lambar jiki, domin masu haɗa jabu suna kwafar lambobin gaske daga hotunan mutane.